Ranar Da Inna Ta Rufa Wa Tsuntsuwa Asiri

Tsuntsuwa ake ce mata a layinsu. Mahaifiyarta Inna ce ta raɗa mata sunan tun tana 'yar shekara biyar, saboda ba ta iya zama wuri ɗaya. Yanzu shekarunta arba'in da huɗu, tana ɗinki a wani ɗan shago kusa da mai gyaran fanka. Hannunta na da kyau, wannan kowa ya shaida. Amma in ka leƙa ƙarƙashin teburinta, riguna sun fi goma a jibge, wata babu hannu ɗaya, wata ba a sa mata zif ba. Almakashi uku gare ta, kullum tana cigiyar ɗaya. Takan wuni tana ƙawata wuyan riga har ta manta da abinci, wadda za a zo karɓa da la'asar kuwa ko yankawa ba ta yi ba.

Aurenta ma a haka ya mutu. Ta bar dutsen guga a kan katifa ta fita amsa sallama, rabin ɗakin ya ci wuta. Mijin ya ce ya gaji da ganganci. Ta dawo gidan Inna da 'yarta guda. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sallah. Sai ta tayar da kabbara, ta tsinci kanta a zaune ba ta san raka'a nawa ta kawo ba. Ta daɗe da yanke wa kanta hukunci cewa ita baiwar Allah ce marar kirki, kuma abin da take son sani kafin ta mutu ke nan: halinta ne, ko kuwa?

'Yar tata da ke karatun jinya ce ta samo mata likita. Sau biyu tana manta ranar. A na uku ta je, likitar ta shafe fiye da awa tana mata tambayoyi, sannan ta ce akwai wata larura ta kasa tattara hankali da yawan motsi, wadda manya da yawa ke fama da ita ba su sani ba.

"Sai dai tun ƙuruciya take farawa," in ji ta. "Ki zo min da wanda ya san ki kina ƙarama."

Inna kaɗai ta rage.

Tsuntsuwa ba ta damu ba. Shekara arba'in Inna na jero mata laifuffukanta ba tuntuɓe, yau ga wadda za ta saurara har ta rubuta.

Ranar komawa asibiti, Inna ta sa mayafinta na fita, ta zauna a bakin kujera a gaban likitar, jaka a cinya.

"Mama, tana yarinya takan manta aike?"

"Wa? Wannan? Ko sau ɗaya."

"A makaranta fa, malamai sun taɓa kawo ƙara?"

"Sai yabo. Yarinya ce mai natsuwa, in ta zauna kamar an dasa ta."

Tsuntsuwa ta juyo tana kallon tsohuwar, bakinta a buɗe. Likitar ta yi tambaya ta biyar, ta shida, amsar duk ɗaya. Daga nan ta ajiye biro.

"In haka ne, ba zan iya cewa larurar ce ba."

"Inna, don girman Allah," in ji Tsuntsuwa. "Wa ya sa min Tsuntsuwa?"

"Ke, rufe min baki! A gaban baƙuwa zan tona miki asiri? Ni na haife ki fa."

"Ba surukata ba ce, Inna, likita ce. Ki faɗa mata ranar maganin Baba."

Inna ta daɗe tana murza hannun jakarta. Da ta fara magana, ƙasa take kallo.

"Babanta na kwance da zazzaɓi. Na aike ta sayo magani, nan bakin titi. Sai bayan awa uku ta dawo hannu rabbana, tana ba ni labarin yadda ake yi wa wani gida fenti. Shekararta tara. Na ɗauki igiyar shanya."

Daga nan maganar ta ɓalle. Takalman da aka bari a makaranta, tukwanen da suka ƙone, malamin da ya ce a bar ta a gida, asara ce. Likitar na ta rubutu har ta juya takarda. A ƙarshe ta ce larurar ce, tana da suna, kuma akwai taimakon da za a fara.

"Wato ciwo ne," in ji Inna a hankali. "Ba iskanci ba."

"Ba da gangan take yi ba, Mama."

"To dukan da na yi mata fa?"

Likitar ta rubuta takardar magani ta miƙa wa Tsuntsuwa.

A barandar asibitin Inna ta tsaya ta dafa bango. Ta ce, "Ki yafe min," ba tare da ta ɗago ba. Tsuntsuwa ta so ta ji daɗi, amma abin da ya zo mata shi ne lissafin shekaru: ɗakin da ya ƙone, auren, sallolin da ta yi ta maimaitawa tana kuka. Ta ce, "Na yafe, Inna," ta share fuska da gefen mayafi.

Sun kai bakin ƙofa Inna ta dubi hannun Tsuntsuwa.

"Ina takardar da ta ba ki?"

Tsuntsuwa ta laluba. Ta baro ta a kan teburin likita, har da jakarta.

Inna ta buɗe baki, faɗan da ta saba ya taho har leɓe. Sai ta haɗiye shi.

"Zauna nan," ta ce. Ta juya tana jan ƙafarta mai ciwo, ta koma ɗauko mata.