Ƙasar Ƙarƙashin Matakala

A tsohuwar Jidda, wadda ake kira Balad, akwai wani dogon gida na dutsen teku, mai tagogin katako da suka leƙo kan titi. Yanzu baƙi kan tsaya gabansa su ɗauki hoto. Ni kuwa in hanya ta biyo da ni ta nan, sunkuyar da kai nake yi in wuce.

A gidan nan Inna ta yi wankau shekara da shekaru, a ɗakin ƙasa kuma ta haifi yayana, don marar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba ya kusantar asibiti. Ta haƙa rami a ƙarƙashin matakala ta binne cibiyarsa, yadda ake yi a garinsu. Takan ce duk inda mutum ya shiga a duniya, sai ya dawo inda aka binne cibiyarsa. Mu dariya muke mata, wai mu haihuwar Jidda, mun waye.

Da masu gidan suka koma sababbin unguwanni, sai suka bar wa Inna makulli, mu kuma muna zaune a unguwar Karantina. Ana nan aka yi kame a tashar jiragen ruwa inda Yaya yake dako, aka tasa ƙeyarsa zuwa Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Hausarsa ma rabinta Larabci ne. Tun daga nan shiru kake ji.

Sai Inna ta tsiri zuwa gidan duk Juma'a bayan la'asar, ni ce 'yar rakiya. Na tsani wannan tafiya. Gidan warin danshi da kashin jemage yake, bango na zubar da gishiri, kuma in ta yi sallama sai ta tsaya tana jira, kamar za a amsa. Takan share ƙarƙashin matakalar, ta yayyafa ruwa, ta zauna. Wata rana muka ji taku daga sama, a hankali, ana saukowa. Na dubi Inna, na ga fuskarta ta washe, har tana gyara mayafi. Takun ya tsaya a kwanar matakala, ba wanda ya fito. Har yau ban san ko mene ne ba, kuma wannan murnar tata ta fi takun ba ni tsoro.

Bayan shekaru jikan mai gidan ya zo karɓar makulli, ya ce za a gyara gidan ya zama wurin tarihi.

Inna ta ce, "Ya waladi, ɗana, ku taɓa ko'ina, ban da ƙarƙashin matakala."

Na yi masa bayani da Larabci, kunya kamar in nitse. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Hajja, in sha Allah."

Amma ba shi ke riƙe da shebur ba. Ranar da muka koma, an kwashe ƙasar daɓen gaba ɗaya saboda danshi, an shimfiɗa duwatsu masu sheƙi. Inna ta durƙusa ta shafa wurin. Ta tambayi wani lebura ina aka kai ƙasar, ya ce mota ta zubar can bayan unguwar Khumra.

Ta ce, "To yanzu in ya taso, ina zai nufa?"

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Muka fito, a bakin ƙofa ta waiwaya ta dubi matakalar, sannan ta faɗi abin da ta hana kowa faɗa a gabanta tun ranar da aka tafi da shi.

"Allah ya jiƙansa."

Da muka isa gida ta sa na sauko da akwatin kayansa, ta ce in rabar.