Simintin ɗakin jegona

Da cikina na fari ya tsufa, aka mayar da ni gidanmu a Baure in haihu a gaban Inna. Lokacin kuɗi sun shigo ƙasa, siminti har ƙauye. Baba ya sayar da sansa na noma, ya sa aka yaɓe tsohon ɗakin ƙasa na kusa da rijiya da siminti ciki da waje, sumul, saboda ni. Mutum ne da bai iya cewa yana son ka ba, sai dai ya yi maka gini. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya shafa bangon.

Na haihu a tsakiyar damina, namiji. Inna ta toshe 'yar tagar da tsumma kada iska ta shige ni, ga kaskon garwashi, ga zannuwan wankan jego jiƙe rataye a igiya. Ɗakin ya riƙa wani irin wari, kamar tuwon da ya kwana uku.

Bayan suna jaririn ya fara tari, ƙirjinsa na yin fito kamar usur idan ya ja numfashi. To ni me zan ce? Ɗan fari ne. A gaban manya ko kallonsa ba na yi, balle in nuna damuwa a ce ba ni da kunya. Sai in juya fuska bango.

Wata safiya awarwarona ya faɗa bayan gado, na ja gadon. Innalillahi! Fumfuna ce baƙa da kore a bango tun daga ƙasa har gwiwa, ta cinye bayan katifa, daidai inda nake kwantar da kan jaririn.

Inna ta fitar da komai rana. Muka goge bangon da toka da sabulu, aka shafa farar ƙasa, aka matsar da gado tsakiyar ɗaki. Tagar ma da ƙyar Inna ta yarda aka zare tsumman. Sai aka sake ruwa, abar ta dawo ta cikin farar ƙasar, yaron kuma na ta fitonsa.

Ranar na ajiye kunya. Na iske Baba a zaure na durƙusa.

"Baba, ɗakin nan ne ke hana yaron numfashi."

"Wane ɗaki?"

"Na simintin."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya saurara, sannan ya ɗauko gatari. Ɓallin farko da ya faɗo, ƙasar da ke bayansa jiƙe take sharkaf kamar ƙullu. Simintin ya riƙe laima, ba ta da hanyar fita.

Shi kaɗai ya ɓamɓare shi duka, ya ƙi a taya shi. Ina jin kowane sara a ƙirjina, don na san sansa ne yake farfasawa.

Aka mayar da mu bukkar kakata mai jinka, iska na shiga ta ko'ina. Kafin ruwa ya ɗauke, wata rana da hantsi yaron na barci a tabarma, mata cike da bukkar, na ji shiru. Babu fito. Na zabura, na tsallake ƙafafun goggonnina, na kara kunnena a ƙirjinsa.

"Ke, lafiya?" in ji Inna.

Numfashi yake yi a hankali, ba sauti. Na ɗauke shi na rungume a gabansu duka, ina kuka.