Ranar da Na Ƙi Ƙwanƙwasa Gorata

Shekarun baya, wata ranar Laraba a tsakiyar sanyi, ƙarfe shida da kwata na safe, mu huɗu ne a bakin dam ɗin da muke kamun kifi, can bayan duwatsun Kazaure. Akwai ni. Akwai abokina, wanda muka fara sana'ar tare tun muna samari. Akwai dattijon da ke riƙe da sarautar ruwan wurin, wanda kowa ke ce wa Baba. Na huɗu wani mai sayen kifi ne da ke zuwa daga Babura da kular ƙanƙara ɗaure a bayan babur. Na riƙe lokacin ne domin ban taɓa shiga ruwa ban duba agogo ba kafin in cire shi.

Ga wanda bai san sana'ar ba, da gora muke shiga. Ƙaton duma ne da ba a fafe ba, baki ɗaya gare shi a sama. Mutum zai kwanta da cikinsa a kan bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa ciki. Ita ce jirginka, ita ce kwandonka. In ta ci amanarka a tsakiyar ruwa, babu ƙasar da za ka taka.

Saboda haka ina da ƙa'ida, kuma ba na tsallake ta. Na ɗaya, in ƙwanƙwasa gora da bayan yatsa, in zagaye ta duka ina saurare. Lafiyayyiya amo take yi, mai ciwo kuwa muryarta a dushe take fita. Na biyu, in danna ta a ruwan gefe, in ƙirga hamsin, in zura hannu in ji ko cikinta ya yi laima. Na uku, in bi igiyar mamari, wato doguwar igiyar da ke ɗauke da jerin ƙugiyoyi, in duba kowane ƙulli. Na huɗu, in yi bismillah in shiga. Saboda wannan tsari ne 'yan bakin ruwa suka sa mini Sajan, alhali ban taɓa sa kaki ba.

A ranar, ina dire gorata ƙasa sai abokina ya ɗago kai.

"Sajan, muryar gorar nan taka ta canza."

"Yaushe ka zama mai sauraron muryar gorata?"

"Yanzu da ka ajiye ta na ji. Kamar tsohuwa mai mura. Buga ta ka ji."

Da wani ne ya faɗa, da na buga, domin dama abin da zan yi ke nan. Amma ina da dalilai uku a kansa, kuma na riga na jera su a raina. Na farko, kwana tara ke nan da na gano wani lungu a gindin babban dutse, can tsallake, inda tarwaɗa ke taruwa in ruwa ya yi sanyi. Kullum ina dawowa da gora mai nauyi, shi kuwa da 'yan karfasa kamar tafin hannu. Na biyu, sau biyu yana tambayata, wai cikin wasa, ta ina nake bi. Na uku, a rumfa ɗaya muke ajiye gorunanmu, kuma a ranar ya riga ni zuwa, shi da ba ya sammako ko ranar kasuwa.

Sai na ce a raina, so yake in tsaya gyaran gora, shi ya tafi neman lunguna. Masunci ai ba ya ce maka kada ka je wurin kifina. Cewa zai yi akwai kada a wurin, ko akwai mutanen ɓoye, ko kuma gorarka ba ta da lafiya.

"Ka kula da taka," na ce masa.

Baba yana gyaran raga, bai ko ɗago ba, ya ce, "Sajan, ƙwanƙwasawa ai ba ta cin lokaci."

"Ranka ya daɗe, na duba ta jiya da yamma."

Ban duba ba. Abin da ya hana ni shi ne kada a ce don maganarsa na buga. Na tsallake na ɗaya, na tsallake na biyu, na yi na uku a gurguje, na yi bismillah na shiga.

Ruwan ranar kamar an jiƙa ƙanƙarar mutumin Babura a cikinsa. Na yi tafiyar da ta kai minti goma, sai na waiga. Ga abokina can a bayana a kan gorarsa, bai matso ba, bai kuma yi nisa ba. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida ta fito da kanta. Bina yake. Sai na karkata hagu da gangan, na nufi tsakiyar dam inda ya fi zurfi, don in ɓatar da shi. Ya karkata shi ma.

A nan na fara jin abin. Da farko gorar ta daina amsa mini tuƙi, kamar jaki ya ga gada. Sannan na ji ruwa na motsi a ƙarƙashin cikina, daga ciki. Na ɗan ɗaga jiki in leƙa, sai ta kwanta gefe ɗaya, bakin ya sha ruwa, na zame.

Na iya iyo tun ina yaro, amma iyon rani daban, na sanyi daban. Numfashina ya sarƙe. Kafin in yi bugu biyar jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure tamau. Ga igiyar mamari na naɗe ta a hannun hagu, ƙugiyoyi sun fara warwarewa suna kama mini wando.

"Saki igiyar!" Muryar abokina ce. "Sajan, saki igiyar, don ubanka!"

Bai taɓa zagina ba sai ranar. Na saki.

"Kada ka kama ni. Ka ji ko? In ka kama ni, tare za mu nitse. Ga wannan."

Ya jefo mini guntuwar igiyar da ke ɗaure a wuyan gorarsa. Na riƙe. Ya ce in kwanta rigingine, in bar ƙafar ta yi abin da ta ga dama. Haka ya ja ni yana haki har wani dutse da ya leƙo daga ruwa, na ɗare, ya murza mini ƙafar sai da ta saki. Baba ya turo tsohon jirginsa aka kwashe mu.

Zan so in ce a nan na ji kunya na gode masa. Ba haka aka yi ba. Ina zaune an lulluɓe ni da buhu, haƙorana na karo da juna, amma kaina lissafi yake. Ta yaya ya san gorar za ta sha ruwa? Ta yaya ya san ya biyo ni? Wanda ya haƙa rami ai shi ya san inda yake. Na yanke cewa ya huda ta ne don ya tsorata ni, da ya ga abin zai zama kisan kai sai ya biyo baya.

Washegari iska ta koro gorar gefe. Na ɗauke ta na dire gaban Baba, mutane kusan goma na tsaye, na ce ina da ƙara. Na jera dalilaina, ɗaya, biyu, uku, na ƙara da na huɗu, wato bin da ya yi mini. Abokina yana tsaye riƙe da raga. Kallona kawai yake.

Baba ya kifa gorar a cinyarsa, ya shafa gindinta da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Sajan, matso. Ƙusa rami take bari. Wuƙa kuma baki take bari mai kaifi. Wannan fa?"

Na duba. Wata siririyar tsaga ce kamar gashi, ta kai tsawon ɗani.

"Dubi launin wurin."

Gefen ya yi ja, ya yi duhu, kamar masarar da ta daɗe a garwashi.

"In ka fito daga ruwa, ina kake ajiye ta?"

Kafin in buɗe baki mutumin Babura ya tuntsire da dariya. "Ranka ya daɗe, ni zan ba da shaida. Kullum na zo, gorar Sajan ta fi kowa jin ɗumi. Mu muna baya muna rawar ɗari, ita tana sahun gaba kamar amarya."

Gaskiya ya faɗa. Tun shigowar sanyi na ƙara wa kaina ƙa'ida ta biyar, wadda ni na ƙirƙiro kuma ina alfahari da ita: in na fito, in jingina gora kusa da wutar da muke jin ɗumi, wai ta bushe da wuri kada ta yi funfuna. Kullum gefe ɗaya, domin ni mutum ne mai tsari. Ta gasu da hantsi, ta shiga ruwan sanyi da safe, kusan wata biyu.

"Duma a inuwa yake bushewa," in ji Baba. "Kakanka ya sani."

Sai a lokacin abokina ya yi magana, a hankali. "Sau uku ina ce maka ka janye ta daga wuta. Ka ce wurin zamanta nake so."

Haka na ce kuwa. Na tuna.

Bayan la'asar na je gidansa, na tarar da shi a zaure yana ɗinkin raga. Na nemi gafara, kuma ko ita sai da na jero ta ɗaya bayan ɗaya. Ya bari na gama, ya ce, "Ya wuce, Sajan. Zauna ka sha fura." Na ce zan nuna masa lungun tarwaɗa. Ya yi murmushi ya ce ya san wurin tun bara, ƙasansa duk kututture ne mai cin ƙugiya, shi ya sa ya bar mini.

Mun ci gaba da sana'a tare, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Amma abu ɗaya ya tafi bai dawo ba. Tun daga ranar bai sake cewa komai a kan kayana ba. Akwai lokacin da igiyar ragata ta cinye a wani wuri, na tabbata ya gani, domin a gabansa na shanya ta. Bai faɗa mini ba. Wurin Baba ya je ya faɗa, Baba ya gaya mini. Na fi jin zafin wannan fiye da dariyar mutumin Babura.

Abin da ya tuno mini da labarin nan, kwanan baya wani maƙwabcina ya nuna mini a waya mutanen wata ƙasa mai tsananin sanyi, inda ruwa ke daskarewa har a taka shi, su huda rami su zura ƙugiya. Na lura na gaba yana tafe da sandar ƙarfe yana dukan ƙanƙarar kafin kowane taku, na bayansa kuma na riƙe da igiya. Maƙwabcina yana ta mamakin kifin. Ni kuwa na bayan nan nake kallo.

Ba zan ɓoye ba, har yau ni mai zargi ne. In wani ya ce mini kada in bi ta wuri kaza, zuciyata takan fara tambaya me ya ɓoye a can. Abin da na canza shi ne jerin. Da, sai in binciki mutumin kafin in binciki kayan. Yanzu kayan ne farko.

Don haka ina roƙonku abu ɗaya, masu gora da masu jirgi da duk mai shiga ruwa a sanyin nan. In wani ya ce kayanka na da aibu, ko da ba ka yarda da shi ba, ko da kana ganin kifinka yake hari, tsaya a gabansa ka duba yana kallo. In ƙarya ya yi, minti biyu ka rasa. In kuma kana da wanda har yanzu bai gaji da gaya maka ba, don Allah kada ka kai shi ƙara.