Bindigar da Ta Ɗura Kanta Ranar Suna

Na tsufa, har sunayen jikokina nakan rikita, amma ranar sunan ɗana na fari ba za ta fita a raina ba sai ranar da aka rufe ni. A zamanin Faransawa ne, bayan yaƙin nan na biyu. Ina wankan jego a gidan iyayena kusa da Kore Mairuwa, maigidana kuwa tsohon soja ne da ya koma gardi, wato ɗan sandan Faransawa, a wurin kumandan Dogon Dutsi. Ya iso da safiyar suna cikin kakinsa, da wata ƙaramar bindiga baƙa a kube a ƙugunsa.

Babana maharbi ne, kuma mutum ne mai son a san da shi. Bindigarsa ta toka ta kusa kai shi tsawo. Kafin ta yi magana sau ɗaya sai an zuba albarushi, an tura tsumma, an daddanna da ƙarfe. Idan ya harba kuma yana da al'ada irin ta duk maharbanmu: ya juyo bakinta ya hura, don hayaƙi da sauran wuta su fita kafin a sake ɗurawa. A wurinsu bindigar da ta riga ta tashi sanda ce kawai.

Bayan an raɗa suna an yanka rago, maharba suka yi ta sakin wuta a ƙofar gida. Ni ina leƙe ta ramin zana, ina yi kamar ban damu ba, tunda ɗan fari ne. Sai Baba ya hango kuben nan.

"Wagga 'yar abu ita ka kashe mutum?" in ji shi. "Ko ta tsoratar da kaji ce? Miƙo in gani."

Ku tuna suruki ne. Maigidana bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ko a hanya ya hango shi sai ya tuɓe takalmi. Ina zai iya cewa a'a? Ya durƙusa, ya miƙa ta da hannu biyu, ya nuna masa kunamar da ɗan ƙarfen da ke kulle ta, kansa a ƙasa.

Baba ya ɗaga ta sama ya danna. Ta yi ƙara, bayanta ya zabura ya koma, sai kwanson harsashi mai zafi ya yi tsalle ya faɗa cikin wuyan rigar maroƙi. Maroƙi ya yar da kalangu yana tsalle yana kiran an harbe shi. Kowa ya juya yana dariya, har da maigidana. Ni kaɗai nake kallon Baba, kuma na ga ya juyo bakin bindiga zuwa bakinsa, ya cika kumatu da iska, yatsansa na nan kan kunama.

Ban san komai game da bindiga ba a lokacin, amma da maigidana ya waigo na ga fuskarsa, sai na gane akwai haɗari. Sai kawai ya daka tsalle, ya cafke hannun Baba ya banƙare shi gefe, har ya haɗa da gemu. Bindiga ta sake tashi. Randar fura da ke gindin rumbu ta fashe, fura ta malale har ƙarƙashin tabarmar liman.

Wata gwaggona ta dafe ƙirji ta ce, "Ya kama gemun surukinai!" Baba kuwa ya dubi randa, ya dubi bindiga. Sai ya ce, "Wa yaɗ ɗura ta?"

Maigidana ya zube ƙasa. "Gahwara, Baba. Ita ka ɗura kanta."

Nan ya zare gidan harsashi daga cikin mariƙinta, ya ja bayanta, wani harsashin ya faɗo. Ya bayyana cewa a da manyan soja bindiga mai ganga suke riƙewa, wadda gangarta ke juyawa da harsasai. Daga baya maƙeran Turawa suka lura da naushin da bindiga ke yi wa mai harbi, suka sa shi aiki: shi ke tura bayanta, ya jefar da kwanso, waya mai lanƙwasa ta turo sabon harsashi. Baba ya sa aka maimaita masa sau da yawa, yana girgiza kai yana cewa wannan maƙerin ba ya barci.

Da rana aka kawo tuwo da naman suna. Baba ya jawo akushinsa, ya kira maigidana ya ce, "Zamna nan. Hannun da ya ja gemuna ya hi ƙarhin jin kunyar akushina." Mutane suka kwashe da dariya, ni kuwa a bayan zana kuka nake yi na murna.

Baba ya rayu har ya koya wa jikan nasa ɗana tarko, kuma kwanson nan yana cikin jakar farautarsa har ya bar duniya. Tun ranar na gane kunya abu ce mai kyau, ina kuma koya wa jikokina ita, amma nakan ce musu idan suka ga rai zai salwanta, su ajiye ta su kama gemun ko na wane ne.