Hancin Cleophus Grimball

Kafin rana ta leƙo daga teku, Cleophus Grimball ya riga ya cika tankin motarsa da ruwa da sabulu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana bin bayan dawakan birnin Charleston, Juma'ar nan kuma zai ajiye tiyo. Ni mai wannan magana na shekara arba'in ina yawo da baƙi a keken doki. Guguwa uku ta ci rufin ɗakina ba ta ci ni ba. Ban gama aji uku ba, amma farfesoshi sun biya dala don jin tarihi daga bakina. Yabona ba ya arha.

Ƙa'idarmu, duk inda doki ya yi fitsari direba ya jefa 'yar tuta mai gindin roba, Cleophus ya zo ya wanke wurin.

Wata shekara da zafi, masu manyan gidajen bakin ruwa suka kai ƙara, wai zarni ya hana su shan shayi a baranda. Aka ce kwamiti zai zaga da ƙarfe huɗu, in ya ji wari an soke kekunan, mu sittin mun rasa abinci. Ranar ce wata baƙuwa daga Ohio ta bi titi tana tsince tutocin, a zatonta tsaraba ce. Goma sha ɗaya ta zuba a jaka tare da biskit ɗinta.

Cleophus ya tare ta. "Madam, kin san abin da ke jikin waɗannan?"

"Tarihi," in ji ta.

"Ƙwarai. Na safiyar yau."

Ta yar da jakar, amma ta manta inda ta tsince su, ga rana ta busar da shaida. Na ce, "Cleo, mun kaɗe."

"Tsoho, rufe bakinka, kana ɓata min iska."

Ya cire hula, ya duƙa, ya bi titi da hanci tun daga kasuwa har bangon teku. "Nan Duchess ce," ya ce, ya kira sunan goɗiyar da ta yi fitsarin, ya feshe. Goma ya gano haka. Na goma sha ɗayan yana daidai ƙofar matar da ta fara kai ƙarar. Yana naɗe tiyo kwamiti ya iso, shugabansu ya shaƙa ya sake shaƙa, ya ce ƙamshin furanni kawai yake ji.

Kai ne wanda baƙi ba su taɓa ɗaukar hotonsa ba, Cleo, mai hancin da ya ciyar da gida sittin. Mun gode. Ku masu tasowa ku koya: aikin da aka yi da kyau ba a ganinsa, ba a ma jin warinsa.

Babu direban da ya kama ƙafata a garin nan, kowa ya sani. Amma ni a zaune na bi bayan doki. Kai a ƙasa ka bi shi, shi ya sa har yau ake barinmu mu wuce.