Ranar da Mahaifiyata Ta Tare Dodo a Bakin Ƙofa

Shekarun baya, da na haifi 'yata ta fari, mahaifiyata ta taso tun daga Zariya zuwa garin Greensboro a Amurka don ta yi mini wankan jego. Muna haya a bayan titin Wendover, irin gidan da in maƙwabci ya yi atishawa kai ma sai ka ji. Ƙarshen Oktoba ne, kowace ƙofa an yi mata ado da kabewa saboda Halloween, bikin da Amurkawa ke shigar dodanni.

Wata rana bayan la'asar muka ji ta bango ana jan sarƙa, wani ƙato ya kece da dariya, kiɗa ya biyo baya. Na san waƙoƙin dodanni ne na Halloween, na barkwanci, waɗanda yara ke rawa da su. Amma duk iyayina na 'yar Amurka, sai da na janyo jaririyar jikina.

Mama ta ce, "Gidan nan da mutanen ɓoye. Ko ku tashi, ko a canza mini tikiti in koma."

Na ce, "Mama, waƙa ce fa. Biki suke shiryawa."

"Wace irin waƙa ce ake yi da kukan kura?"

Hankalina ya tashi, domin Mama ba ta faɗin magana ta janye. Jikina ɗanye, maigidana tun safe yana wurin aiki, in ta tafi ba ni da kowa.

Washegari kiɗan ya dawo. Akwatinta na ɗaure a falo, amma ta ce ba za ta bar jikarta haka ba. Ta ɗauko kasko, ta zuba habbatus sauda da tazargade, ta turnuƙe gidan. Nan take na'urar hayaƙin da ke silin ta fara tsala ihu. Sai ga bugun ƙofa kamar za a ɓalle ta, kafin in yunƙura Mama ta buɗe.

Dodo ne tsaye, koriyar fuska, haƙora zaƙo-zaƙo, rungume da tukunyar kashe gobara.

Mama ba ta gudu ba. Ta cika bakin ƙofar, kasko a hannu, tana Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Dodon ya yi sauri ya tuɓe fuskar robar, sai ga maƙwabcinmu, dattijo mai sanƙo, yana gumi yana ba da haƙuri. Ashe shi zai saka kiɗa a bikin Halloween na jikokinsa, yana cikin gwada kayan dodon ya ji ƙarar, ya zaci wuta ce.

Mama ta ƙare masa kallo. "Ce masa ya ji tsoron Allah, da girmansa da komai."

Ni kuwa na ce masa wai tana godiya.

Ranar ta kwance akwati, har ta zarce arba'in. Kafin ta koma, na sha kama ta tana yi wa yarinyar wanka tana rera amshin waƙar ƙasa-ƙasa, in na yi dariya ta harare ni.

Mama ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har yau in Oktoba ta kama, na shiga kanti aka saki waƙoƙin nan, sai in tsaya cak da keken sayayyata. Kewarta nake ji. Ni ce a bayanta ran nan, ni da jaririyar. Da gaske ta yarda aljani ne a gabanta, kuma ko taku ɗaya ba ta matsa ba.