Jan Biron Baba

Duk sanda na ji ƙamshin ciyawar da aka yanke, Baba nake tunawa. Da wannan ƙamshin yake shigowa gida, wandonsa kore har gwiwa, domin a filin golf na Sedgefield yake tuƙa injin yankan ciyawa. Kafin mu baro Damagaram kuwa, marubucin wasan kwaikwayo ne na talabijin, kuma zuwanmu Greensboro ta Amurka bai sa ya ajiye biro ba. Yakan rubuta, in an samu mai tafiya gida ya kai wa darakta. Sunansa da ke fitowa a ƙarshen wasa shi ne abin da ya rage masa na mutumin da yake a da.

Baba yana da ƙa'ida guda: ba ya yarda da magana a takarda sai ya ji ta a bakin mutum. Can gida 'yan wasa yake tarawa su karanta, shi kuma ya lumshe ido. Duk inda harshen ɗan wasa ya harɗe, sai ya soke wurin da jan biro, ya ce laifin rubutu ne. A nan babu 'yan wasa, Mama kuma tana aikin otal a ƙarshen mako. Sai ni, 'yar shekara tara, mai Hausar da ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba.

Kowace Lahadi bayan la'asar muna teburin kicin. A bazara, lokacin da garin fure ke mayar da motoci rawaya, yana atishawa yana saurarona. Ni ce tsohuwa, ni ce mai gari, ni ce ɓarawon akuya. Kada ka ɗauka ina so, ƙawayena suna waje kan keke, ni ina ciki ina tura baki. Harshena yakan harɗe kusan a kowane layi, Baba kuma ya bi ƙa'idarsa, ya soke, ya sauƙaƙa, ya sake miƙo mini. Da na gano haka sai na riƙa harɗewa da gangan, don maganar ta gajarce in fita da wuri. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata kaka, ganye ya fara zuba, wani Alhaji ya dawo daga gida da ambulan. Baba ya karanta a tsaye, ya ninke takardar, ya tafi masallaci. Lahadi ta zo ya kira ni kamar kullum. Haka muka yi shekara uku, har jan biron ya daina samun aiki, har nakan ce masa, "Baba, tsohuwa ba za ta faɗi haka ba." Sai ya yi murmushi ya gyara.

Bayan rasuwarsa Mama ta gaya mini abin da ke cikin ambulan ɗin. Darakta ne ya ce Hausar Baba ta koma ta yara, ya canja mai karanta masa ko su nemi wani marubucin. A lokacin Mama ta ba shi shawara ya riƙa kai wa abokansa na masallaci su karanta. Baba ya ce mata, "Su suna da Hausarsu. Ita fa?" Daga wannan kakar ba a sake kai rubutunsa gida ba, duk abin da na karanta daga baya, a cikin akwati ya ƙare.

Yanzu wasannin gida a waya ake kallo, 'ya'yana kuma da Turanci suke amsa mini, ni ko ba ni da rabin haƙurin Baba. Kwanaki na daure na tambayi Mama ko ya san da gangan nake yi.

"Haba 'yar nan," ta ce. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraron 'yan wasa? Ya sani mana."